Irin Geron Kakana a Bayan Sito

Ranar da na sauka a Manfuha, wata unguwa a Riyad, ban ko gama kwance jaka ba ƙullin ya tona mini asiri. Ina jera 'yan kayana a kan katifar da aka ara mini sai ya gangaro ƙasa. Nasiru, mai katifar, ya ɗauke shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Malam, mene ne wannan? In laya ce ka jefar da ita tun da wuri. Garin nan ba sa wasa da maganar sihiri, tsaf za a ɗaure ka."

Na ce ba laya ba ce, gero ne.

Ya kwance ya duba, sai ya fashe da dariya har da zama a ƙasa. "Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Mutum ya hau jirgin sama ya zo Riyad da guzurin gero. Kai Bazamfare, an ce maka kaji za ka yi wa aiki?"

Nasiru ɗan cikin birnin Kano ne, direba ne a unguwar ofisoshin jakadanci, kuma ya daɗe a ƙasar. Bakinsa ba ya hutawa da tsokana, amma shi ya ba ni katifa, shi ya nuna mini shagon wani ɗan Yaman mai burodi da wake mai arha, shi ya koya mini 'yan kalmomin Larabcin da na fara kare kaina da su. Tun daga ranar sunana a ɗakin ya koma Mai Gero. Ban yi masa bayani ba, don na san in na fara muryata za ta karye a gaban mutane.

Kafin yaƙi, mu a ƙauyenmu Tungar Ɗorawa cin rani ba tafiya ba ce da ake yi wa bankwana da kuka. Yaƙi muke ce masa, ko da rediyo tana kiransa da wasu sunaye. A wancan zamanin da an gama kaka, an ɗaure dammuna, an liƙe bakin rumbu, sai maza su watse. Kowane gida da birninsa da sana'arsa, kamar gado. Gidan Sarkin Fawa Ibadan suke zuwa, kasuwar shanu. Gidan liman Zariya, ɗinkin hula. 'Yan gangare Legas, gadi da dako. Mu namu Kaduna ne, ga-ruwa, kuma layin da Baba ya yi shekaru yana kai wa ruwa shi na gada da kafaɗata. Garin sai ya rage daga mata sai tsofaffi sai jakuna. Da bazara ta yi zafi, gabas ta fara haɗa baƙi, sai ka ga motoci suna sauke mutane a bakin kasuwa da bokitai da atamfa da rediyo, wani har da keke. Babu wanda yake aika wa wani saƙo ya dawo. Hadari ne yake kiran kowa.

Kakana Bawa, wanda a ƙafa yake zuwa Jos haƙar kuza, shi ya kawo al'adar ƙulli gidanmu. Yana da wani irin gero mai dogon kai, mai gashi kamar ƙaya, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, ga shi yana nuna da wuri. Mutane suna ce masa zangon Bawa. Wata shekara yana can Jos gobara ta cinye rumbun, da ƙyar aka tsira da 'yan zangarniyoyi a ɗakin kakata. Tun daga nan ya ce ba za a ƙara ajiye iri wuri ɗaya ba. Duk wanda zai tafi cin rani sai a ƙulle masa kaɗan a tsumma ya tafi da shi, ya dawo da shi kafin ruwan shuka. Wanda ya karɓi ƙulli ya karɓi alkawari ke nan. Mutum ɗaya ne ya taɓa karya shi, Baffa Isa, ƙanen Baba, da ya tafi Legas da ƙullinsa bai ƙara waiwayo mu ba. Har yau Baba ba ya kama sunansa, sai dai ya ce wancan da birni ya ci.

Da yaƙi ya iso mu, an kashe yayana a gona da fartanya a hannunsa, gari ya tashi a yini ɗaya. Mutane suna ɗaukar katifa da tukwane, Baba ya ɗora damin iri a ka. Muka tare a wani kango a gefen Gusau. Damina biyu ta wuce ba mu sa ƙwara a ƙasa ba. Ga-ruwan Kaduna kuma ba ya ciyar da gidan da ba shi da rumbu. Shi ya sa da wani ejan ya ce mini akwai aikin sito a Saudiyya, kuma duk shekara ana ba da hutun wata biyu, mutum ya zaɓi lokacin da yake so, ban tambayi komai ba. A raina na riga na zaɓi damina. Na ɗauka Kaduna ce ta ƙara nisa. Baba ma haka ya ɗauka, domin ya yagi bakin tsohon rawaninsa ya ƙulle mini iri, ya ce, "Nomau, kafin ruwa." Sunan da yake kirana da shi ke nan, don da damina aka haife ni.

Aikin a Birnin Masana'antu na Biyu yake, can kudancin gari, wani sito mai faɗin filin ƙwallo cike da kwalayen tayil. Mota ta kwashe mu da asuba, ta dawo da mu bayan magariba. Ɗaukar kaya bai dame ni ba, kafaɗar ɗan ga-ruwa ta saba. Abin da ya dame ni shi ne garin ba shi da alamar komai. Babu kuka ko ɗorawar da za ka duba ka san inda shekara ta kai, babu ƙanshin ƙasa. Wata rana cikin tsananin sanyi aka yi ruwan sama, ma'aikata suka fita suna ɗaukar hoto, ni kuwa gabana ya faɗi, jikina yana ce mini na makara. Sai da na tsaya na yi lissafi na ga a gida ko bazara ba a shiga ba.

Albashi ya maƙale mana watanni a farkon zuwa. A cikin wannan tsakanin matata Hassi ta haihu a kangon. Na ji kukan yaron ta waya, na yi murna, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba, don ko sabulu ban aika ba.

Bazara na shiga Baba ya kira. Duk kiran da zai yi, tambayarsa ɗaya ce bayan gaisuwa: yaushe za ka taso? Amma ranar muryarsa da ƙarfi take, kamar ta da.

"Nomau, an yi sulhu. Mai gari ya ce a koma a yi shuka. Na tahi na ga gona, duk ta cika da sabara, amma na hwara sassabe kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Baba, da wannan gwiwar taku?"

"Gwiwa ta yi mi? Kai dai ka taho da ƙulli. Wanda ag gida mun cinye."

Na ce me aka cinye?

"Iri mana. Lokacin da Hassi ta haihu babu abin da za a dama mata, ruwan nono ya ƙi zuwa. Ni na ce a daka. Uwarka tana ta kuka, na ce mi na na kuka, ai akwai na hannun Nomau."

Ya faɗe shi ne kamar yana ba ni labarin farashin goro. Ko kaɗan babu shakka a muryarsa. Na tsaya a bakin sito da waya a kunne ina kallon manyan motoci. Duk zangon Bawa da ya rage a duniya yana cikin jakata a Manfuha, ƙarƙashin takalman Nasiru.

Washegari na shiga ofishin mudir, wato manajanmu, wani mai ƙiba da ba ya ɗaga kai daga wayarsa. Kafili kuwa, Balaraben da zamana a ƙasar yake hannunsa, ban taɓa ganinsa ba sai sunansa. Na harhaɗa Larabcina na ce ina son hutu, a ƙasarmu an kusa ruwa, zan je in yi shuka in dawo. Na kwatanta masa da hannu yadda ake sara rami a jefa iri a take da ƙafa. Ya ɗago ya kalle ni, ya kira wani ya zo ya kalla, ya ce in sake.

"Mafi hutu," in ji shi, wato babu. Ya ɗaga yatsu biyu. "Shekara biyu. Ka sa hannu."

Na ce ejan ya ce duk shekara. Ya ce to in je in tambayi ejan. Fasfona yana cikin durowarsa, igamata, katin zaman ƙasa, har lokacin ba ta fito ba, kuma babu mai fita ƙasar nan sai da ita. Na koma ofishin nan har na daina ƙirgawa. Kullum amsar ita ce bukra insha Allah, gobe in Allah ya so. Lambar ejan kuwa ta daina shiga. A Kaduna in hadari ya haɗu sai kawai in jingine garwata a gidan mai unguwa in nufi tasha, ban taɓa sanin akwai garin da mutum zai nemi izini kafin ya bi ruwa ba.

Na kasa gaya wa Baba. Sai in ce ana kan magana. Shi kuma ya ce jiya an yi walƙiya ta gabas, ya ce kwaɗi sun fara kuka a fadama.

Ana haka Nasiru ya samu hutunsa. A ranar ne na zaunar da shi na ba shi labarin Bawa da Baffa Isa tun daga farko. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Haba Mai Gero, ai da ka faɗa tun tuni. Kawo nan. Da kaina zan sa shi a motar Gusau, in ba direba lambar tsoho." Na kwance ƙullin na zuba kamar cokali ɗaya a wata kwalbar turare da ta ƙare, ban san dalili ba, hannuna ne kawai ya ƙi sakin duka. Sauran na mayar a tsummansa na ɗaure yadda Baba ya ɗaure, ƙulli a kan ƙulli, don in ya ga bakin rawaninsa ya san daga hannuna ya fito. Ko a raina ban tuna maganar da Nasiru ya yi mini ranar da na sauka ba.

Sai a lokacin na gaya wa Baba gaskiya, cewa ba zan samu zuwa ba amma iri yana hanya. Ya ce, "To. Allah shi kawo shi."

Bayan sati guda ya kira ni ina cin abincin rana a inuwar wata babbar mota.

"Nomau, saƙo ya iso. Kwano guda cur, cikin leda."

Na ce kwano? Ai bai kai cikin tafin hannu biyu ba.

"Na murza shi, na sansana, na tauna. Wanga ba shi ba na. Geron kasuwa na." Ya ja numfashi. "In ka batar da shi, da ka gaya mani. Ba sai ka saya mani hatsi ba kamar mai bara."

Na rantse masa, na sake rantsewa. Bai ce na yi ƙarya ba, bai kuma ce ya yarda ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na san abin da yake tunani, na san sunan wanda yake tunawa, don ni ma shi nake tunawa.

Nasiru bai ɗauki wayata ba sai da ya dawo. Ya shigo ɗaki da kilishi da yaji, ya ajiye a gabana, ya kasa haɗa ido da ni.

"Wallahi Mai Gero na yi niyya. Muna shiga filin jirgi na ga sun tsare wani ɗan Afirka suna farke masa jaka, sun ciro wasu ƙulle-ƙulle. Na duba naka, tsohon tsumma, ƙulli a kan ƙulli. Wa zai tsaya ya ji labarin kakanka? Na shiga bayi na jefa a shara. Da na isa Kano na je kasuwar Dawanau na ce a ba ni mafi kyau. Na ɗauka gero dai gero ne."

Na tashi na cakumi wuyan rigarsa. Ya tsaya bai motsa ba. Na rasa abin da zan yi da shi, mutumin da a kan katifarsa nake kwana, kuma da a leda na zuba masa tun farko da ya kai. Na sake shi na fita kan titi na yi ta tafiya a cikin shagunan Manfuha ina kuka, 'yan Bangaladash da 'yan Habasha suna ratse mini hanya. Babu wanda ya tambaye ni, kowa ya san irin wannan kukan.

Baba ya shuka geron kasuwar a gonar Bawa. Ni kuma na zauna da cokali ɗaya a kwalba, iri mai shekara uku, wanda in ya ƙara wata shekarar ba lalle ya tsiro ba.

Mai gadin sitonmu wani dattijo ne, Ammu Adam, Bahaushen Sudan. Kakanninsa a ƙafa suka taso za su Makka, suka yada zango a bakin kogin Nilu, zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabci a tsakiya. Shi ya gan ni ina jujjuya kwalbar a lokacin hutun azahar ya tambaya. Da na gama ya girgiza kai.

"Mu ma haka muke, ya waladi, ɗana. Kafin yaƙinmu duk rani ina Khartum ina buga tubali, ruwa na sauka ina gida. Yanzu babu ƙauyen, babu Khartum ɗin. Kawo in gani."

Ya zuba a tafinsa ya hura. Sannan ya ja ni bayan sito, inda bututun na'urorin sanyaya ofis yake ɗigar da ruwa dare da rana, har ƙasar wurin ta yi baƙi. Ya ce a bari zafi ya ɗan karye tukuna, in ba haka ba rana za ta ƙone furen. Muka jira. Ya samo kashin tumaki a wajen wani abokinsa, na tono yashi na cakuɗa, na kewaye wurin da fasassun tayil. Ranar da na shuka, na sara ramukan da guntun ƙarfe, na taka da diddige na yi bisimilla, ina jin kaina kamar mahaukaci.

Yawancinsu ba su fito ba. Waɗanda suka fito ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma biyu suka mutu tun suna kunnen ɓera. Sauran suka yi ta miƙewa a jikin bangon kwano. Mudir ya gani wata rana ya ce a tuge ciyawar nan. Ammu Adam ya ce masa maganin ciwon sukarinsa ne, aka ƙyale. Nasiru ma, da muka yi wata ba ma magana, ya zo wata Juma'a da buhun taki ɗan ƙarami ya ajiye ya tafi.

A can gida kuwa sulhun bai kai kaka ba. Gero ya fara fitar da kai aka dawo musu, aka ce duk wanda ya ƙara taka gona ya kuka da kansa. Baba ya sake komawa kangon Gusau da sandarsa, bai girbi ko zangarniya ɗaya ba. Hassi ta ce mini tun da ya dawo ba ya zama a ƙofar gida, kullum yana kwance fuskarsa a bango.

Nawa ya fitar da kai lokacin da sanyi ya fara shigowa. Dogaye, da gashinsu tsaye. Tattabarun sito suka yi ta kewayawa suna komawa. Da ƙwayar ta yi tauri na kira wayar Hassi ta bidiyo, na ce ta kai wa Baba. Na ga fuskarsa ta cika gilashin, ya rame, yana ƙifta ido. Na juya wayar na matsa da ita jikin zangarniya.

Ya ƙura wa wayar ido. Sai na ga ya miƙo yatsa yana shafa gilashin.

"Shi na," ya ce. "Wallahi shi na. Ina ka samu ƙasa, Nomau?"

Na nuna masa bututun da fasassun tayil da Ammu Adam, suka gaisa kamar sun san juna. Na ce, "Baba, kun ga ban batar ba." Ya ce ya gani. Ya share ido da bakin riga. Daga nan ya shiga ba ni umarni kamar muna tsaye a gona, in bar shi ya ƙara bushewa, in yanka da safe, in ware manyan kawunan.

"Ka rataye su inda babu laima. Baɗi war haka ka sake shukawa nan inda ka shuka."

Na ce, "Baba, baɗi ai ina gida. Shekara biyun ta cika."

Ya kalle ni. Bayansa ina hango bangon kangon da ba a yi wa filasta ba, da ɗana yana rarrafe a kan tabarma.

"Ka dai rataye," ya ce.

Na rataye su a ƙusa a saman katifata. Shekara biyun ta cika ta wuce. Igamar da ta fito daga baya ta mutu, kafili bai sabunta ba, mudir yana nan da bukransa. Ko da an buɗe mini ƙofa ma, abin da nake aikawa shi ne tukunyar kangon, kuma Tungar Ɗorawa yanzu ko hanyarta ta toshe da ciyawa. Bana karo na uku ke nan ina shuka zangon Bawa a bayan sito.

Tun daga ranar nan Baba bai ƙara tambayata yaushe zan taso ba. In na kira, bayan mun gaisa, sai ya ce, "Nomau, ya gona?"